Yadda ake haɗa maganin shimiyo a zubar da shararsa ba tare da an cutu ba

Tambayoyi uku ne suka fi zuwa mini daga abokan aiki, na nan Yamai da na Tawa da Maraɗi. Safar hannu ɗaya ta isa? In maganin ya zube a ƙasa, alkol zan sa? Kwalbar da ta ƙare, ina zan jefa ta? Yanzu da muke da Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa, wadda ta fara gashin kansa da na'ura a 2021, ma'aikatan farmasi da na labo da ba su taɓa riƙe kwalbar shimiyo ba, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, sun fara cin karo da ita. Shi ya sa na ga gara in bi kwalbar daki-daki, tun daga kwalinta har inda za ta kwanta.

Abu ɗaya ku riƙe kafin mu fara. Maganin nan aikinsa kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, kuma bai san na mai ciwo da na mai lafiya ba. Siklofosfamid, ɗaya daga magungunan shimiyo, yana cikin abubuwan da cibiyar binciken kansa ta hukumar lafiya ta duniya (OMS) da ke Liyon ta tabbatar suna haddasa kansa. Metotireksat yana lalata ɗan tayi. Mara lafiya yana shan wahalar maganin don ya warke. Ma'aikaci kuwa ɗan kaɗan-kaɗan yake kwasa ta fata, ta hanci, ta baki, shekara da shekaru, ba ribar komai.

1. Tantance wanda zai taɓa maganin

Mai ciki, mai shayarwa, da wadda ke neman haihuwa a wannan lokaci, a canza musu wurin aiki. Majo ya faɗa wa kowa wannan tun ranar farko, don mata da yawa a wajenmu ba sa bayyana ciki sai ya fito, alhali watanni ukun farko ne suka fi haɗari. A buɗe hanyar da mace za ta ce "a canza mini" ba tare da an tsare ta da tambaya ba.

A rubuta sunan duk wanda kwalbar za ta bi ta hannunsa: mai sauke kaya, mai haɗawa, mai kai wa ɗakin jinya, mai shara, mai tura shara. Na ƙarshen nan biyu su ake mantawa wurin horo, su ne kuma suka fi taɓa ragowar.

2. Karɓar kaya da ajiya

Sa safar hannu kafin ka buɗe kwali. Bayan kwalbar da ta fito sabuwa daga kamfani yakan ɗauke da ɓurɓushin magani, ko da ba ta fashe ba. Kwalin da ya jiƙe ko kake jin ƙarar fasasshen gilashi a ciki, kada ka buɗe shi a kan tebur. Ka ɗauke shi a matsayin wanda ya zube, ka duba mataki na 7.

Shimiyo yana da kantarsa shi kaɗai, mai ɗan baki a gaba don kada kwalba ta gangaro, a ƙasa da tsayin ido, da alama babba. Na firigo, irin su binkiristin, a sa su cikin roba mai murfi a zafin digiri 2 zuwa 8.

*Hattara:* ba kowane ake sa wa sanyi ba. Sisplatin da 5-FU in sun ji sanyin firigo sai su yi ƙanƙara-ƙanƙara a ƙasan kwalba. Siklofosfamid na gari kuma zafi ne maƙiyinsa, ba a so ya wuce digiri 25. Kayan da ya kwana cikin mota a hanyar Dosso zuwa Konni a watan Afrilu, sai ka ɗaga kowace kwalba ka duba. In garin ya koma ruwa mai kauri, ko ɗige-ɗige masu ɗan rawaya a jikin gilashi, ya narke, ba a amfani da shi. Shara ce, amma shara mai cikakken ƙarfi.

Firigon nan ba na ruwan sha ba ne, ba na kunun buɗa-baki ba ne. Na san zafin azumi, amma a'a.

3. Ɗaki da hot

Ana haɗa shimiyo a cikin akwatin nan mai gilashi da muke kira hot, amma ba kowace hot ba. Wadda ake bukata ita ce mai zuƙo iska daga wajenka zuwa ciki, ta tace da matatar HEPA mai kama ƙura mafi ƙanƙanta, ta fitar ta bututu zuwa waje: ita ake kira hot aji na biyu, ko kuma rufaffen akwati mai safar hannu a jikinsa.

*Hattara:* akwai wata hot da ake gani a labo, mai huro iska daga bangon baya zuwa fuskar mai aiki. Ita kayan da ke ciki take karewa daga ƙura. In ka haɗa shimiyo a cikinta, maganin take busa maka a hanci. Gara ma tebur da ita. Gwajin mai sauƙi ne: riƙe ɗan siririn takarda a bakin gilashin. In ta karkata ciki, madalla. In ta karkato wajenka, rufe ka tashi.

Fanka ba ta aiki a ɗakin nan, taga a rufe, kilim kuma kada ya fuskanci bakin hot ɗin, don iskarsa tana karya labulen iskar da ke kare ka. Ƙurar hunturu tana toshe matata da wuri, saboda haka a riƙa duban agogon matsin iska da ke jikin na'urar, a kuma kira masu gwada ta aƙalla sau ɗaya a shekara, da duk lokacin da aka gusar da ita. Canjin matata yana cikin manyan kuɗaɗen aikin nan, a sa shi cikin kasafi tun farkon shekara. Tsohuwar matatar ma sharar shimiyo ce.

A haɗa hot ɗin da layin gurup. In wuta ta ɗauke kana tsakiyar aiki, tsaya nan take, rufe abin da ke buɗe, ja gilashin ƙasa, fita. Ba a ƙarasawa da fitilar salula.

Wurin da babu hot ko kaɗan, ra'ayina shi ne kada a haɗa a can; a haɗa inda take, a kai a rufe.

4. Sa kayan kariya

Cire zobe, agogo da awarwaro, bar salula a waje. Hijabi ko ɗankwali a cusa shi ciki kada ya rataye. Sannan bi wannan jeri: rufin takalmi, hular kai, takunkumi, wanke hannu da sabulu, safar hannu ta farko, riga, safar hannu ta biyu. Ta farko tana shiga ƙarƙashin hannun riga, ta biyu tana hawa kansa, yadda fatar wuyan hannu ba za ta leƙo ba.

Safar hannu ta nitiril, marar hoda. In kwalin yana ɗauke da lambar ASTM D6978, an gwada ta da magungunan shimiyo. Riga kuma mai ɗaurin baya, dogon hannu mai matse wuyan hannu, wadda ruwa ba ya ratsawa, ta sawa ɗaya a yar. Farar bulus ta auduga tsotse maganin take yi ta manna maka shi a jiki, ka kai gida a wanke ta tare da kayan yara.

Takunkumin tiyata na kare maganin ne daga numfashinka, ba ya kare ka daga garin magani. Inda za a yi ƙura ko feshi, kamar kwashe abin da ya zube, takunkumi mai tace iska, FFP2 ko FFP3, ake sawa, da tabarau mai rufe gefe.

Ga lissafin da ya kamata a kai wa mai sayen kaya. Ana canza safar hannu duk minti 30, ko nan take in ta huje ko magani ya taɓa ta. Aikin awa 4 canji 8 kenan, kowane canji guda 4, jimla 32 ga mutum ɗaya. Kwali mai guda 100 zama uku kawai zai yi. Riga tana kai awa 2 zuwa 3, wato biyu a zama ɗaya. Wanda ya sayo kwali ɗaya ya ce na wata ne, shi ya tilasta wa mutane wanke safar hannu da alkol su sake sawa, alkol kuwa raunana ta yake yi. Hanyar rage kuɗi ta gaskiya ita ce a tara masu magani iri ɗaya a rana ɗaya: kayan kariya kaɗan, ragowar kwalba kaɗan.

5. Haɗawa

Kafin ka zura hannu cikin hot, lissafi ya ƙare, mutum na biyu ya duba, an rubuta takardun mannawa. Shimfiɗa ƙyalle mai tsotsa a sama da leda a ƙasa, kada ya rufe ramukan iska na gaba da na baya. Shigar da abin da kake bukata kawai, da ƙaramin akwatin allura da ledar shara a ciki, don yawan fitar da hannu yana jawo iskar ciki waje. Yi aiki kamar santimita 15 daga bakin gilashi.

Fara da ledar ƙarin ruwa: soka mata igiya, cika igiyar da tsurar ruwan gishiri ko na sukari, ka datse, sannan a zuba magani. In aka bar wa ma'aikaciyar jinya ta fitar da iska a gefen gado bayan magani ya shiga, ɗigon farko a ƙasa ko a hannunta zai sauka.

Sirinji mai murɗi za ka ɗauka, wanda allura ke ɗaurewa a bakinsa, ba na turawa ba. Kada ya cika ya wuce kashi uku cikin huɗu, don kada sandar ta zare. Misali, siklofosfamid na giram 1 yana son ruwa mililita 50. Sirinji mai 60 iyakarsa 45, saboda haka sau biyu za ka zuba.

Nan ne gwaninta take. A makaranta an koya mana a tura iska cikin kwalba kafin a zuƙo magani. A shimiyo wannan ɗabi'a ita ce mai cutarwa, domin kwalbar da iska ta yi wa yawa feshi take yi lokacin da allura ta fita. Abin da ake so kullum shi ne iskar ciki ta gaza. In za ka zuƙo mililita 10, ɗauki iska 8 ko 9. Soka allura, fara jan sandar kafin ka tura komai, sannan ka riƙa musanya kaɗan-kaɗan: magani ya shigo, iska ta tafi. Wurin narkar da gari ma haka, zuba ruwa kaɗan, janye iska daidai da shi, ka sake. Kafin ka zare allura, ɗaga bakinta sama da ruwan, ja ƴar iska, naɗe wuyan kwalbar da kwamfares (ƙyallen ɗaurin ciwo), sannan ka zare. Kumfar iska da ta rage cikin sirinji a cikin kwalba ake mayar da ita, ba a sama ake tsartar da ita ba.

Ni da ja na koya. Farkon aikina, a wani wuri da ba sai na ambata ba, na tura iska cikin kwalbar doksorubisin yadda na saba, na zare allura, ban ji komai ba, ban ga komai ba. Sai da na zo cire riga na ga ƙananan ɗigo ja, kamar an watsa barkono, tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Doksorubisin ya tona kansa don ja ne. Siklofosfamid, sisplatin da 5-FU kamar ruwa suke, kuma na riga na haɗa su da wannan hannun sau da yawa. Tun daga nan, duk sabon ma'aikacin da aka kawo mini, ruwan zoɓo nake ɗura wa kwalbar da ba ta taɓa ɗaukar magani ba, in shimfiɗa farar takarda, ya yi ta zuƙowa har sai takardar ta fita fes sau goma a jere. Akwai na'urorin rufaffen haɗi da ke hana feshin nan gaba ɗaya, suna da kyau, suna da tsada. Ko an samu, sai an iya aikin hannu don ranar da suka ƙare.

*Hattara:* sisplatin ba ya shiri da allura mai alminiyom, baƙi yake yi. Oksaliplatin a ruwan sukari kawai ake tsarma shi. Binkiristin kuma kada ya fita daga hot a cikin sirinji. OMS ta ba da gargaɗi a 2007 cewa a riƙa sa shi cikin ƙaramar ledar ƙarin ruwa, don an sha kuskuren yin allurarsa a ƙashin baya, wannan kuwa kisa ne. Rubuta a jiki: ta jijiya kawai.

Ƙwayoyi irin su kapesitabin da metotireksat ba a daka su, ba a karya su a fili, ba a ƙirga su da hannu tsirara ko a faranti ɗaya da farasetamol.

Da ka gama, goge bayan ledar, cire safar hannu ta sama a cikin hot, da ta ƙasa mai tsabta ka sa ledar cikin wata leda mai zip. A kai ta ɗakin jinya cikin akwatin roba mai murfi, ba a aljihu ko a hammata ba.

6. Goge wuri da tuɓe kaya

Alkol ba ya kashe shimiyo. Narkar da shi yake yi ya baza shi. Jerin shi ne: jabel, sai abin da zai cire jabel ɗin, sai ruwan sabulu da ɗauraya, alkol a ƙarshe don ƙwayoyin cuta. Abin da aka fi sani shi ne jabel mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, a bi shi da tiyosulfat, sinadarin da ke kashe ƙarfin jabel, mai kashi 1; in babu, a ɗauraye da ruwa sosai, don jabel yana cin ƙarfen hot. Ko shi ma ba kowane magani yake karyawa ba, gugar ce ke kwashe mafi yawa. A jiƙa ƙyalle a goga, ba a fesawa. Daga sama zuwa ƙasa, daga baya zuwa gaba, kowane shafi da sabon gefen ƙyalle. Jabel da ya daɗe a zafi ya zama ruwa, a dama sabo kullum.

Tuɓe riga kana naɗe ta ciki ya koma waje. Safar hannu ta ƙasa ita ce ta ƙarshe. Wanke hannu da ruwa da sabulu, ba da man alkol ba, kafin alwala, kafin shayi, kafin goro.

7. In ya zube

Jakar kwashewa ta kasance a rataye duk inda maganin ke bi: kayan kariya cikakku, ƙyallaye masu tsotsa, ƙaramin cokalin kwasa na roba, leda biyu masu kauri, sabulu, da alamar tsayar da mutane.

Mutum ake fara dubawa. In fata ce, a cire rigar, a wanke da ruwa da sabulu. In ido ne, ruwa ko ruwan gishiri minti 15 cur, a duba agogo, sannan a ga likita. In allura ce ta soke ka, wanke, ka je a duba a ranar, musamman doksorubisin da binkiristin masu cin nama.

Sannan wuri. Kashe fanka, hana wucewa, sa kaya. Ruwa a ɗora masa ƙyalle a hankali ya tsotse. Gari a rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle. Gilashi da cokali, ba da yatsa ba. Goge daga gefe zuwa tsakiya, wanke da sabulu sau uku, ɗauraye. Komai cikin leda biyu. A rubuta a littafi: wane magani, nawa, wa ya taɓa.

*Hattara:* kada a ce "Baba, zo da tsintsiya." Tsintsiya tana tada garin, tsumman goge ƙasa kuma zai zagaya da shi ɗakuna goma kafin azahar. Wanda ya san maganin shi ke kwashewa.

8. Jini da fitsari a labo

Mara lafiya yana fitar da maganin ta fitsari, bayan gida da amai, aƙalla awa 48 bayan an sa masa, wasu magungunan har mako. A rubuta "shimiyo" da ranar a takardar gwaji. A labo a sa safar hannu biyu, a buɗe murfin kwalbar jini da kwamfares, a bar na'urar juya jini ta tsaya cak kafin a ɗaga murfinta. A gaya wa masu jinya ma, don galibi uwa ko ƴa ce ke zubar da fo da wanke zane: safar hannu, wanki daban, ruwa mai yawa a bayi.

9. Raba shara

Kashi uku. Allura da sirinji a haɗe, ba a mayar da murfi, cikin akwati mai tauri. Kayan da suka ɗan taɓa magani, wato safar hannu, riga, igiya, leda da kwalbar da ta ƙare, cikin leda biyu a bokiti mai murfi. Ragowar magani, wanda ya lalace da abin da aka kwashe daga zubewa, cikin roba mai tauri da ba ta yoyo. Kowanne a rubuta masa "sitotoksik" (wato mai kashe ƙwayoyin jiki) da faransanci da hausa, a sa alamar da wanda bai yi boko ba zai gane. A Ingila shunayya ce launin wannan shara; ko wane launi kuka zaɓa, kada ya zama na sauran shara. A ɗaure in ya kai kashi uku cikin huɗu, a ajiye a ɗaki mai kwaɗo da inuwa.

*Hattara:* ba a zuba ko ɗigo a lababo ko masai. Ruwan da Yamai ke sha daga kogin Isa ake jan shi a Gudel. Otokilab kuma, tukunyar dafa kayan aiki da tururi, ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya taɓa shimiyo, sai ma ya gurɓata kansa. Sannan a wajenmu roba mai murfi ba ta zama shara: in ta fita waje lafiya, gobe tana kasuwa ana auna mai a ciki. Ba a ba kowa, ko ya roƙa.

10. Ƙonewa ko rufewa da siminti

Hanya mafi sauƙi ga wanda bai buɗu ba ko ya wuce lokaci ita ce a mayar wa wanda ya kawo, in an sa hakan cikin yarjejeniyar saye. Sai ƙonewa. Ƙa'idar OMS ita ce murhu mai ɗaki biyu, ɗaki na biyu ya kai digiri 1200 hayaƙi ya daɗe daƙiƙa 2 a ciki, ko digiri 1000 na daƙiƙa 5. Ƙaramin murhun bulo na bayan asibiti ba ya kai nan, ramin ƙona shara balle. A can maganin hayaƙi yake bi ya sauka a unguwa. Tandun masana'antar siminti, irin ta Malbaza a jihar Tawa, yana kai wajen digiri 1450, amma wannan hanya ta hukumomin lafiya da na muhalli ce da masu masana'anta, ba ta mai farmasi shi kaɗai ba.

In duk babu, sai tano. Samo tanon ƙarfe mai lafiya, a yanke bakinsa a lanƙwasa. Fitar da kwalaben daga kwalayensu, kada a fasa su, a zuba har rabin tano kawai. Sauran magunguna ana kai su kashi uku cikin huɗu, shimiyo rabi ne. A dama farar ƙasa irin ta shafen bango, siminti da ruwa, 15 da 15 da 5 bisa nauyi. Wato buhun siminti mai kilo 50, farar ƙasa kilo 50, ruwa wajen lita 17, a ɗan ƙara in bai kwarara ba. A zuba har baki, a mayar da murfi, mai walda ya like, a bar shi kwana 7 zuwa 28 ya daskare. Magini da mai walda su ma a ba su safar hannu da takunkumi, a gaya musu abin da ke ciki.

Sannan a kai shi can ƙasan ramin shara da hukuma ta amince da shi, mai shimfiɗar yumɓu ko leda, nesa da rijiya da hanyar ruwan damina. Kafin a ɗora shi a mota, a rubuta lamba da kwanan wata da fenti a jikinsa, a shigar da lambar cikin littafi tare da sunan magungunan da wurin da aka binne, mutum biyu su sa hannu.